Kwikwiyona ƙafar gaba ta fara lanƙwashewa: wa ya taɓa kai nasa tiyata?

Baban Walid, Hanwa: Salamu alaikum jama'a. Kwikwiyon gadina ɗan wata 5 ne, ƙafarsa ta hagu ta gaba tana yin baka, dagin yana kallon waje. An ce mini sai tiyata. Wanda abin ya taɓa samu ya ba mu haske.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Yallabai, kada ka yi jinkiri. Tawa babur ne ya buge ta tana ƙarama, ba karaya, ta ɗan yi ɗingishi ta warware. Ashe wajen tsiron ƙashin ne ya mutu. A asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru aka ɗauki hoto, likita ya nuna mini: ƙashi biyu ne jere a dantsen kare. Siririn, kusan kashi 85 cikin 100 na tsawonsa daga ƙasa yake fitowa, kusa da dagi. In nan ya tsaya, ɗan'uwansa yana ci gaba da girma, sai ya tanƙware kamar baka da tsirkiya. Da yake ba ta gama girma ba, guntu kawai aka cire daga siririn don a sakar wa babban mara. A hankali ƙafar ta miƙe, ko da ba sarai ba.

Maman Ummi, Wusasa: Baban Walid, a fara ɗaukar hoto tukuna. Namu duka ƙafafun biyu ne suka saki, ashe tuwo da ƙanzo ne kawai abincinsa. Aka gyara masa ci, aka ɗauke shi daga kan tayil, ya miƙe ba wuƙa.

Na Tudun Wada: Ni nawa ya wuce shekara kafin a duba shi, ƙashi ya riga ya ƙosa. Dole aka yanka babban ƙashin, aka daidaita, aka ɗaure da farantin ƙarfe da sukurori. Kuɗin ya ci ni, amma jinya ta fi kuɗin wuya. An ce wata 2 zuwa 3 a keji, ba gudu ba tsalle, fita sai da igiya. Kare mai jini a jika! Ga lasar ɗinki, sai da aka sa masa mazurarin roba a wuya. Maƙwabta kuwa ba abin da ba su faɗa ba, wai kare ake yi wa tiyata. To, shi ke kwana a waje muna barci.

Malam Mafarauci, Shika: Wani abokin farautarmu mai ɗori ya kai wa nasa, aka ɗaure da kara, fata ta ruɓe. Ɗori na karaya ne, wannan ba karaya ba ce.

Ɗan Samaru: Gaskiya ne, Malam. Kuma yallabai, ka ce a haɗa da gwiwar hannun a hoton, don in an daɗe ita ma gocewa take yi, ciwon gaɓa ya shiga.

Baban Walid, Hanwa: Allah Ya saka da alheri. Litinin da safe zan kai shi Samaru, in sha Allahu. Na Tudun Wada, an cire farantin daga baya ko yana nan?

Na Tudun Wada: Yana nan. Likita ya ce sai in ya dame shi.