Akuyar Valais mai baƙin wuya: shawarwarin masu kiwonta

Asalinta tsaunukan Valais ne a kudancin Suwizalan. Daga kai zuwa tsakiyar jiki baƙa wuluk, daga nan zuwa wutsiya fara fat, sai ka ce an ja layi. Bunsuru da akuya duk suna da ƙaho.

Da masu kiwonta suka tattauna yadda ake kula da ita, maganar gashi aka fi daɗewa a kai, don dogo ne sosai. A riƙa taje shi aƙalla sau ɗaya a mako, musamman na ciki da cinyoyi. In an bari, sai ya cukurkuɗe da kashi da ƙaya, ƙwarƙwata ta samu mafaka, fata ta yi gyambo ba a ankara ba. Shimfiɗar garke ta kasance busasshiya, domin fitsari ne ke mayar da farin gashin nan rawaya.

A kan dutse kofato yana cinyewa da kansa. A ƙasa mai laushi kuwa, a duba duk mako 6 zuwa 8 a datse, kafin ya lanƙwashe ya tara laka ya ruɓe. Shinge mai manyan ramuka hatsari ne: kai ya shiga, ƙaho ya hana fita.

Wajen tsutsar ciki an ɗan saɓa, amma mafi rinjaye sun ce a gwada kashin akuyar tukuna, a ga ko akwai tsutsa kafin a ba da magani. Yawan ɗura magani barkatai shi ke sa ya daina ci.

Da yake irin ba shi da yawa, a duba rajistar zuriya kafin a sayi bunsuru, a kuma sauya shi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara, don kada jini ɗaya ya riƙa haɗuwa.