Zaman ofis tsakanin alluna: shawarwarin ma'aikata

A wata hira da ma'aikata suka yi kan 'yan wuraren zaman nan na ofis da ake raba su da allo, kukan da ya fi yawa shi ne hayaniya. Wayar maƙwabci da tarinsa duk suna tsallako allon. Aka ce a faɗa masa cikin ladabi tun abin bai zama gaba ba.

Inda hirar ta yi zafi shi ne batun zama bayan an tashi aiki. Wasu suka ce shi ke kawo ƙarin girma. Waɗanda suka daɗe a aiki ba su yarda ba, kuma a ganina suna da hujja: Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Shawarar waɗanda suka daɗe a aikin: a daina duba imel da dare, a kuma tafi hutun shekara gaba ɗayansa, kar a tara shi don a burge oga.

Gulmar ofis kuwa, kusan kowa ya ce kar a sa baki.