Saƙar ciyawar da 'yata ta kawo daga makaranta: tsohon tsafi ne ko al'adar coci?

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Shekararmu uku ke nan a yammacin ƙasar Ayalan, inda maigidana yake aiki. A ƙarshen watan Janairu 'yata mai shekara takwas ta dawo daga makaranta riƙe da wani abu da suka saƙa a aji da hannunsu. Da wata koriyar ciyawar fadama mai tsawo da santsi aka yi shi, an lanƙwasa kowane sili a kan ɗan'uwansa har tsakiyar ta yi kusurwa huɗu, sannan hannuwa huɗu suka fita, kowanne an ɗaure bakinsa. Ta ce an gaya musu ana rataye shi a saman ƙofa ranar 1 ga Fabrairu, a bar shi ya bushe a wurin har shekara ta zagayo, wai yana tsare gida daga gobara da cuta.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa mai kirki, ta ce gicciyen Waliyiya Birijid ne, kuma a gaban kakarta ta koyi saƙa shi. Abokiyar aikina kuwa, wadda take kiran kanta mabiyar addinin gargajiyar Turai, ta ce coci ce ta ƙwace shi, asalinsa na wata allahiya ne, kuma ranar ɗaya ce daga cikin bukukuwa takwas da kakanninsu suka shafe dubban shekaru suna yi. Har ta ba ni ƙunshin busasshen ganye mai rawayar fure da ta tsinka a tsakiyar lokacin zafi, wanda suke kira ganyen Waliyyi Yohana, ta ce in riƙa shan shayinsa saboda kasalar hunturu. Ina roƙon masu sani su warware mini: maganar wa ke da tushe a cikinsu, kuma ganyen nan abin sha ne?

Ɗalibin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Maman Biyu. Kowace daga cikin matan nan ta riƙo wani gefe na gaskiya, amma maƙwabciyarki ta fi kusa da abin da rubuce-rubuce suka tabbatar.

Mutanen Ayalan na da makiyaya ne kafin komai, kuma bisa rayuwar garke da gona suka raba shekararsu gida huɗu. Akwai Imbolk a farkon Fabrairu, lokacin da tumaki suke gab da haihuwa, nono ya fara dawowa bayan ƙarancin hunturu. Akwai Beltan ranar 1 ga Mayu, sa'ad da ake fitar da shanu zuwa makiyayar kan tudu, da Lunasa a farkon Agusta idan an fara girbi. Na huɗun shi ne wanda suke rubutawa Samhain amma suke furtawa Sawin, a daren 31 ga Oktoba, lokacin da ake komo da garke gida a yanka waɗanda ba za a iya ciyarwa har ƙarshen sanyi ba. Tsufan waɗannan huɗu ba abin jayayya ba ne. Wani ƙamus na tsohon harshensu da ake dangantawa da Cormac, sarki kuma bishop wanda ya rasu a 908, ya ce a ranar Beltan bokayen da ake kira duruwid sukan hura wuta biyu su yi surkulle a kansu, sannan a kora shanu ta tsakani don a tsare su daga cututtukan shekara. Wannan ƙamus ɗin ya ambaci wata allahiya mai suna Birijid da mawaƙa suke girmamawa, kuma tun da sunanta ɗaya da na waliyiyar da ta kafa gidan ibada a Kildare, masana da dama suna ganin waliyiyar ta gaji wani abu daga gare ta. A nan abokiyar aikinki tana da abin faɗa. Sai dai shi kansa gicciyen ciyawar ba a ga ambatonsa a rubuce ba sai ƙarni na 17, bayan ƙasar ta haura shekara dubu cikin Kiristanci, kuma waɗanda suke saƙa shi da addu'ar coci suke rataye shi.

Batun bukukuwa takwas kuwa ɗinkin zamani ne. Babu wata al'umma guda da aka sani a tsohuwar Turai da ta haɗa su duka. A shekarun 1950, bayan an soke dokar hana maita a Ingila a 1951, Gerald Gardner, wanda ya fito da addinin Wika fili, da abokinsa Ross Nichols da mabiyansu suka ɗauki ranakun nan huɗu suka haɗa da wasu huɗu na tafiyar rana, wato ranar da ta fi tsawo, da wadda ta fi gajarta, da biyun da dare da rana suke daidaita. Wasu daga cikin sunayen ma, irin su Mabon na watan Satumba, wani Ba'amurke mai suna Aidan Kelly ne ya laƙaba su a 1974. Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya bi waɗannan al'adu ɗaya bayan ɗaya a wani littafinsa na 1996, ya nuna cewa da yawa daga cikin abin da ake ɗauka na kafin Kiristanci ne bai kai tsufan da ake zato ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin da ya sa layu da tsare-tsare suke taruwa a waɗannan ranaku, kuma a fahimtata tsoron asara ne ya tara su, ba ibada ba. Ki dubi safiyar 1 ga Mayu. Talakan da ya dogara da saniya ɗaya ko biyu, wanda da kuɗin man shanu yake biyan hayar gona, ya yi imani cewa a wannan safiya mayya za ta iya sace albarkar nononsa na shekara baki ɗaya, ta hanyar jan igiya a kan raɓar makiyayarsa, ko ɗibar ruwan farko a rijiyarsa, ko karɓar garwashi daga murhunsa. Saboda haka ranar ba a ba maƙwabci wuta ko gishiri ko da ya roƙa, ana watsa furanni rawaya a bakin ƙofa da tagogi, kuma a Sikotilan da tsibirin Man ana ɗaure 'yan sanduna biyu na itacen rowan su gitta juna, a rataye a turke ko a wutsiyar saniya. 'Yan Sikotilan da jan zare suke ɗaurewa, mutanen tsibirin Man kuma da ulun tumaki, da sharaɗin kada wuƙa ta taɓa itacen. Wanda nononsa ya ƙi ba da mai, a wurinsa ba sai an yi bincike ba, hannun maƙwabciya ne, kuma irin wannan zargi ya ɓata zumunci da yawa. Wannan gefen ba kasafai masu sayar da kyandir da ƙunshin ganye suke ambatonsa ba.

Idan kina son jin abin daga bakin masu shi, tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun ƙasar Ayalan ta sa yara 'yan makaranta fiye da dubu 50 sun rubuto abin da iyayensu da kakanninsu suka gaya musu. Littattafan suna kan intanet da rubutun hannun yaran, kuma za ki iya neman na gundumar da kuke zaune.

Baƙon Suwidin ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira. Na yarda da tarihin da ka kawo, amma ina ganin ka jingina komai a kan tsoro, alhali wani ɓangare mai yawa na waɗannan al'adu nishaɗi ne da neman aure. A nan Suwidin jajibirin bikin tsakiyar lokacin zafi kullum ranar Juma'a yake faɗowa, tsakanin 19 da 25 ga Yuni, lokacin da dare ba ya yin duhu sosai. Bara abokan aikina sun gayyace ni ƙauyensu, na ga yadda aka lulluɓe wani dogon gungume da ɗanyen ganye da furanni aka tsayar da shi a fili, yara da tsofaffi suna zagaya shi da rawa, mata da kambin fure a ka. Can da dare ya raba, sai na ga 'yan mata uku sun nufi bakin daji kowace ita kaɗai. Na yi wa ɗaya magana ta ɗora yatsa a leɓe ta wuce. Ashe furanni iri bakwai suke tsinka, kuma sharaɗin shi ne kada a furta ko kalma ɗaya har a sa su a ƙarƙashin matashin kai, don a yi mafarkin wanda za a aura. Da safe wadda ta ƙi amsa mini, injiniya ce, ta ce wa ta gani in ban da shugaban sashenmu yana neman rahoton da ba ta gama ba.

Haka nan sana'ar karan hatsi. A sassa da yawa na Turai damin ƙarshe na girbi ba a sussuke shi da sauran, akan kitsa shi a ajiye a gida har shuka mai zuwa, kuma a Ayalan da Sikotilan "tsohuwa" suke kiransa. A nan Suwidin da karan ake yin bunsurun Kirsimeti mai jan ƙyalle, har garin Gävle yake kafa ƙato mai tsawon kusan mita 13 kowace shekara tun 1966, kuma 'yan ta'adi sun sha ƙone shi. Game da abokiyar aikinki, Maman Biyu, kasancewar tsarinsu sabo bai hana su riƙe shi da gaske ba. A ƙidayar 2021 mutum kusan dubu 74 a Ingila da Wales suka rubuta cewa addinin gargajiyar Turai suke bi, don haka idan za ki gyara mata tarihin, ki bi ta lallami.

Mai Harhaɗa Magani ta amsa:

'Yar'uwa, ni a kan ganyen zan tsaya, kuma ina roƙonki kada ki sha shi tukuna. An sa masa sunan Yohana ne domin yana fure dab da ranar tunawa da shi, 24 ga Yuni, kuma a da akan rataye shi a ƙofa don korar iskoki. Idan kika ɗaga ɗanyen ganyensa ga haske za ki ga kamar an huhhuda shi da allura, idan kuma kika murtsuke furen tsakanin yatsu sai ya bar jan ruwa kamar jini, abin da ya ƙara masa kwarjini a idon mutanen da. Yana da sinadarai masu aiki, kuma an yi nazarinsa a kan ciwon damuwa marar tsanani. Matsalarsa ita ce yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri fiye da ƙima, sai ƙarfinsu ya ragu a jiki ba tare da mutum ya sani ba. Cikinsu akwai ƙwayoyin tsarin iyali, da maganin tsinka jini na warfarin, da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, da waɗanda ake ba mutanen da aka yi wa dashen ƙoda. Haɗa shi da maganin damuwa na asibiti kuma haɗari ne na daban. Wannan ya sa a shekarar 2000 aka hana sayar da shi a ƙasar da kike sai da takardar likita.

Ba raina ilimin tsofaffi nake yi ba. Likitan nan na Ingila, William Withering, daga wani haɗin gargajiya ya gano amfanin furen foxglove ga masu kumburin jiki, ya wallafa bincikensa a 1785, kuma daga dangin wannan tsiro ake samun maganin zuciya na digoxin har yau. Amma shi ma tsiron, wanda za ki gan shi birjik a gefen hanyoyin ƙauye da furensa mai kama da ƙararrawa, guba ne daga saiwa har fure, don haka ki ja kunnen yaranki a kansa.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malama, maganarki ta zo a kan gaɓa, domin tun haihuwata ta biyu likita ya ɗora ni a kan maganin tsinka jini, kuma har na wanke tukunyar shayin kafin in rubuto tambayar nan. Na mayar wa abokiyar aikina ƙunshinta tare da bayani, ita ma ba ta san da wannan ba.

Saƙar kuwa mun yi shawara da maigida ba za mu rataye ta a ƙofa ba, tun da a wurinmu tsari na Allah ne, kuma mun yi wa yarinyar bayani ta fahimta. Tana cikin akwatin ayyukan hannunta, ta riga ta koma launin ƙasa-ƙasa. Da na ba maƙwabciyata labarin duk abin da kuka rubuta, sai ta yi dariya ta ce ita ba ta taɓa jin bukukuwa takwas ba, amma ta tuna kakarta ba ta yarda a yanki ciyawar da lauje ko almakashi, sai dai a tuge ta da hannu a jajibirin ranar. Nan take na tuna da itacen rowan da aka hana wuƙa ta taɓa. Malam Ɗalibin Tarihi, me ya haɗa waɗannan mutane da gudun ƙarfe a irin wannan aiki?