Neman kalmar Hausa: me za mu kira "alternate history"?

Jama'a salamu alaikum. Akwai wani salon rubutu da muhawara da Turawa ke ce wa "alternate history", wato a ɗauko abin da ya riga ya faru a tarihi a juya shi, a ce to da bai faru haka ba fa, sai a bi sawu a ga ina duniya za ta dosa. Galibi kan yaƙe-yaƙe ake yinsa amma ni na dabbobi ya fi ɗaukar hankalina, kuma ina so mu raɗa masa sunan da in an faɗa za a gane nan take ba sai an tsaya dogon sharhi ba.

Ga misali tukuna don mu san abin da muke raɗa wa suna. Doki ya rayu a nahiyar Amurka, sai ya ƙare a can wajen shekara 10,000 da suka wuce, ba a sake ganinsa ba sai da Sifaniyawa suka kai shi a 1493. A 1532 Pizarro, jagoran mayaƙan Sifaniyawa, ya kama Atahualpa sarkin Inka a garin Cajamarca, cikin ƙasar Peru ta yanzu, da mutum 168 kacal, 62 daga cikinsu a kan dawaki, alhali su mutanen Inka dabbar ɗaukar kayansu ita ce lama, wadda ba ta jan garma ba ta kuma ɗaukar baraden yaƙi. To a ce dokin nan bai ƙare ba, mutanen can sun mallake shi tun fil azal suna da nasu mahayan, yaya ranar Cajamarca za ta kasance? Wannan tambayar da duk abin da za a gina a kanta, shi muke nema wa suna.

'Yan uwa sun riga sun kawo shawarwari, na farko shi ne "madadin tarihi". Gaskiya bai zauna min ba, fassara ce kawai aka ɗauko ɗungurungum, kuma a kunnenmu madadi abu ne da ake karɓa in an rasa na ainihi, sai ka ce mun jefar da tarihin gaskiya ne mun kawo wani. Wani ɗan uwa ya ce "ƙagaggen tarihi" tunda muna da ƙagaggen labari, amma fa in ka ce wa mutum tarihin da ya rubuta ƙagagge ne ai ka zage shi ke nan, ka ce ya yi ƙage. Shi kuma mai wannan salon ba ya ɓoye wa kowa cewa abin bai faru ba. "Tarihin ƙaddarawa" ma an kawo, daga "mu ƙaddara", sai dai ya yi kusa da ƙaddara har ana iya fahimtarsa a baibai.

Wanda ya so ya ja ra'ayina shi ne "tarihin da-na-sani", kuma Hajiya da kika kawo shi kina da hujja, don akwai labaran da ya yi musu cif-cif. Ɗauki dabbar nan da ake ce wa damisar Tasmaniya, duk da ba damisa ba ce, siffar kare gare ta da zane-zane a gadon baya da jakar goyo a ciki irin ta kangaru. Daga 1888 zuwa 1909 gwamnatin Tasmaniya fam ɗaya take biya kan kowace babba da aka kashe wai tana cin tumaki, har aka biya ladan sama da 2,000. Sai a watan Yulin 1936 aka yi dokar kare ta, kwana 59 bayan haka, ranar 7 ga Satumba, ta ƙarshe da aka sani ta mutu a gidan zu na Hobart. Wannan kam da-na-sani ce tsagwaronta. Haka saniyar ruwan nan ta Steller, ƙatuwar dabbar teku 'yar uwar ayu, da Turawa suka fara gani a 1741, zuwa 1768 mafarauta sun gama da ita, shekara 27 ke nan. Amma Hajiya koma kan dokin Amurka, wa zai yi da-na-sanin? Babu wani mutum ɗaya da za a nuna a ce shi ya yi sake. Da-na-sani nadama ce, shi kuma wannan salon har abin da bai da alaƙa da nadama yana ɗauka, wani lokacin ma juyawar da aka yi ta fi abin da ya faru muni.

Don haka ni dai "tarihin da-a-ce" na tsayar. Dalilina, harshen ya riga ya raba mana aikin: "in" na abin da har yanzu zai iya faruwa ne, "da" kuwa na abin da ya wuce bai faru ba, da an yi kaza da kaza ya faru. Duk wanda zai fara irin wannan zancen da Hausa da bakinsa zai ce "da a ce", to me ya sa za mu je nesa. Kuma ginin kalmar ba baƙo ba ne, ga da-na-sani ga ka-ce-na-ce ga ba-ni-in-ba-ka. Gwada shi: "ya rubuta tarihin da-a-ce kan dokin Amurka." Ya shige sumul.

Malam na ga tunatarwarka kan hadisin da ya ce "lau", wato "da" a Larabce, tana buɗe aikin shaiɗan, Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta shi ne hanin yana kan mai kukan abin da ya kuɓuce masa yana ja da hukuncin Allah, wannan kuwa ana juya abu ne don a gane sababinsa, shi ya sa ma na ƙi da-na-sani. In akwai gyara daga malamai muna saurare.

To amma da na zo gwada kalmar a jimla sai wata matsalar ta ɓullo, wadda a ganina ta fi ta farkon girma. Shahararren da-a-ce na dabbobi shi ne na jakin dawa: da a ce mutanen Afirka sun ... jakin dawa. Me za mu sa a gurbin nan? Kowa "horar da" zai ce, kuma ba shi ba ne. Wani attajirin Birtaniya, Walter Rothschild, ya horar da jakunan dawa har suka ja masa keken doki a titin Landan, hotunan suna nan, amma jakin dawa bai zama dabbar gida ba har gobe, dabba ce da ta tashi cikin zakuna, ga cizo ga harbi ga firgita, kowane ɗa da ta haifa sai an sake sabon fama da shi. Giwa ma haka, dubban shekaru ana aiki da ita a Indiya amma akasari daga daji aka riƙa kamowa ana horarwa. Horo kan dabba ɗaya yake tsayawa, in ta mutu ya bi ta. Abin da Turawa ke ce wa "domestication" kuwa irin ne gaba ɗaya yake canzawa, a haifi ɗan da halin zama da mutane a jininsa.

Wanda ya nuna wannan ƙarara shi ne masanin kimiyya Dmitri Belyaev a Novosibirsk ta Rasha. Daga 1959 ya fara kiwon yanyawa, ba ya horar da su ko kaɗan, abin da kawai yake yi shi ne a kowace haihuwa a zaɓi waɗanda ba sa kai wa hannun mutum cizo ba sa kuma guje masa, su kaɗai za a bari su hayayyafa. Ana tafe ana tafe sai ga 'ya'ya suna kaɗa wa mutane jela suna neman a shafa su, wasu kunnuwa sun langaɓe, wasu da dabbare-dabbaren fari a jiki, kamar karnuka. Wannan aikin nake so mu kira "gidantarwa", daga gida, a kan ginin zamanantarwa da Hausantarwa. An gidantar da jaki daga jakin daji na arewa maso gabashin Afirka, an gidantar da zabo, an horar da giwa amma ba a gidantar da ita ba. Wani ya yi min tsiya wai kalmar tana tuna masa bagidaje, na yi dariya, amma dai ba wanda zai ji "gidantar da doki" ya zaci ƙauyanci aka koya masa.

Sai "extinction". Kafafen labarai sukan ce ɓacewa daga doron ƙasa, ya yi tsawo, kuma abin da ya ɓace ai ana sa ran tsintarsa. Ni "ƙarewar iri" na fi so, kamar kakan shanun nan na daji da ta ƙarshensu ta mutu a dajin Jaktorów na ƙasar Polan a 1627, jikokin da aka gidantar sun cika duniya shi kuwa irinsa ya ƙare. Wanda ya kawo "yankewar iri" kada ya janye, tana da wurinta daban: farar karkandar arewa, namijin ƙarshe mai suna Sudan ya mutu a Kenya a watan Maris na 2018, saura mata biyu, Najin da 'yarta Fatu. Ba su ƙare ba tukuna amma iri ya yanke, sai dai abin da likitoci za su iya da ƙwayayen da aka adana.

"Conservation", wato kare dabbobi don kada irinsu ya ƙare, ba sai mun wahala ba, alkintawa tana nan ana amfani da ita, a bar ta.

Abu ɗaya ya rage da nake so a sa baki. Akwai dabbar da babu ita a daji sam amma tana nan a killace, kamar mariri da aka ayyana haka a 2000, sai garken da aka alkinta a wasu ƙasashe ne aka ɗebo aka fara sakewa a Chadi a 2016, yanzu suna haihuwa a can da kansu. Ni "ƙarewa a daji" na rubuta mata a yanzu, amma in wani yana da wadda ta fi ta gajarta ya kawo mu auna.