Warin jima ya ƙi barin tumtum ɗin da zan kai wa amarya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara, saura kwana 10 bikin ƙanwata a Birnin Kebbi.

Ba na son in kai mata kular abinci ko bargo, don irinsu za su cika ɗakin. Sai na sa wani baduku ya ɗinka min tumtum biyu na jar fatar akuya irin ta Sakkwato, da zanen dagi a sama. Aikin kam ya yi kyau ƙwarai. Na haɗa da faya-fayi masu launi guda 6 da za ta jera a bango.

Matsalar ita ce warin jima. Na san da bagaruwa ake jeme fatar, amma ban zaci zai kama haka ba. Na ajiye su a inuwa suna shan iska kwana 5, na turara su da turaren wuta, sai ƙamshin ya gauraye da warin, abin ya ƙara muni. Rana kuwa ina tsoron kada ta busar da fatar ta tsattsage.

Yaya majema ke yi? Zuba gawayi a ciki yana tsotse wari da gaske? In na shafa man kaɗanya, zai dusashe jan?