An amince da takarduna amma ranar rantsuwa ta ƙi samuwa

Maman Safiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Birtaniya. Shawara nake nema, don kwana biyun nan ko barcin kirki ba na yi. Sati biyar ke nan da wasiƙa ta zo cewa an amince da buƙatata ta zama 'yar ƙasa. Ranar har kuka na yi, bayan shekarun da na kwashe ina sabunta biza, ga jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya (Life in the UK) mai tambayoyi 24 da na yi ta bita da daddare in yara sun kwanta. A wasiƙar an ce wata uku nake da shi in yi rantsuwa a ƙaramar hukumarmu.

Washegari na kira su. Aka ce in aiko da imel. Na aika, shiru. Sai a kira na huɗu wata mata ta ce duk ranakun sun cika, wadda ta rage ta wuce wa'adina da kwana tara. Ga mahaifiyata ba lafiya a gida, kullum in mun yi waya sai ta ce "yaushe za ki zo?" Wasiƙar tana nan manne a jikin firij, ina wucewa ina ƙirga kwanaki. In wata ukun ya cika, shi ke nan kuɗina da wahalata sun tafi? Kuma zan iya tafiya kafin rantsuwar?

Baban Khalil:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, amma kada ki zauna jira. Yau ɗin nan ki rubuta wa ma'aikatar harkokin cikin gida ta adireshin da ke jikin wasiƙarki, ki nemi ƙarin lokaci, ki haɗa da shaidar cewa ranar da aka ba ki ce ta wuce wa'adi. Ki sa ƙaramar hukumar ta rubuto miki ranar a imel, don maganar waya ba ta zama hujja.

Batun tafiya kuwa, a nan mutane da yawa ke kuskure. Wasiƙar amincewa ba ta mai da ke 'yar ƙasa ba. Sai kin tsaya kin yi rantsuwar biyayya ga Sarki Charles, kin yi alkawarin mutunta dokokin ƙasar, an miƙa miki takardar shaida. Kafin nan kina nan a kan izininki na zaman dindindin, za ki fita ki dawo da fasfonki na yanzu. Bayan rantsuwar ne abin ke canzawa. Takardar shaidar ba ta shiga da mutum ƙasa, sai kin nemi fasfon Birtaniya, ko a saka miki shaidar 'yancin zama a fasfonki na gida, duka biyun kuma suna cin makonni. In ciwon Mama ya matsa, ni a ganina ki je yanzu ki dawo kafin ranar.

Ummu Aiman:

Yaya, na san wannan zaman. Nawa ya faɗo ne a 2020 lokacin korona, da aka rufe komai, har sai da aka koma yin rantsuwar ta bidiyo. Ni ma a falona na yi, na ɗora kwamfuta a kan teburin guga, ƙaramin ɗana yana jan zanina. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne akwai wani aikin gwamnati da na so nema, irin wanda aka keɓe wa 'yan ƙasa kaɗai, aka rufe karɓar takardu ina riƙe da wasiƙar amincewa a hannu. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Ki tambayi ƙaramar hukumar rantsuwa ta mutum ɗaya. Ana biyan ƙarin kuɗi a kan na taron jama'a, kowace ƙaramar hukuma da farashinta, amma ranakunta sun fi samuwa.

Malam na Arewa:

Ni wannan na ƙarin kuɗin ne ba ya min daɗi. Kuɗin rantsuwa yana cikin fam dubu da ɗoriya da aka riga aka karɓa tun wajen cike takarda. Tun 2004 ake wannan bikin a ƙasar nan, shekara ashirin da wani abu, ai ya isa a ce an san yawan masu zuwa. Mai hali ya biya ya wuce, mai aikin kula da tsofaffi da ke lissafin kowane fam ya yi ta jira. Mu 'yan Najeriya da Ghana ma da sauƙi, tunda muna jefa ƙuri'a a matsayin 'yan ƙasashe renon Ingila. Maƙwabcina ɗan Nijar ne, zaɓen 2024 ya wuce shi yana jiran ranar rantsuwa. Hajiya, in suka ci gaba da yi miki shiru, ki rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarki, ofishinsu na bin irin wannan.

Maman Safiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Khalil, na aika wasiƙar neman ƙarin lokaci ɗazu da azahar. Na tambayi ta mutum ɗaya, sun ce akwai gurbi nan da sati uku, amma bayan na yi shawara da Baban Safiya mun ga kuɗin gara a ƙara a na jirgi. Na kira Mama na faɗa mata ina nan tafe ranar Asabar.