Abin da na tsinta a hirarmu kan dukan ma'aikatan asibiti lokacin korona

Mun daɗe muna hira da wasu nas-nas da likitoci kan zagi da dukan da suka sha lokacin korona, na ce bari in tattaro abin da suka faɗa kar ya ɓata. Abin fa ba ƙarami ba ne, Red Cross ta duniya ta ƙirga hare-hare da cin zarafi da tsangwama 611 a kan ma'aikatan lafiya, majinyata da asibitoci a ƙasashe sama da 40 daga Fabrairu zuwa Yulin 2020.

Abin da suka fi nanatawa shi ne rashin bayani ke kunna wutar, an hana mutum ganin mahaifinsa a ɗakin killacewa, babu mai ce masa uffan, can a ce ya rasu kuma ba za a ba shi gawa yadda ya saba ba, ai dole ransa ya ɓaci. Suka ce a ware mutum ɗaya aikinsa kawai kiran dangin majinyaci kullum yana faɗa musu halin da ake ciki, ni wallahi wannan ta fi shiga raina. In za a kai wa dangi labarin rasuwa kuma a je mutum biyu, a tsaya kusa da ƙofa.

Ko zagi ne a rubuta a kai wa shugabannin asibiti, a daina cewa aikin ne ya gaji haka. Wata ta ce a sauya yunifom kafin a fita titi. An kawo misalin Indiya da ta sa ɗaurin har shekara 7 a 2020 ga mai dukan ma'aikatan lafiya, ma'aikacin da aka daka kuma a ba shi hutu da mai sauraronsa.